Kura a Ajin Ƙanana

Autata ta samu aikin koyarwa a ajin ƙananan yara, amma na gwaji. Shugabar makarantar, wata dattijuwa mai tabarau da ba ta cika dariya ba, ta ce za ta leƙo ba sanarwa. In ta tarar da aji kamar kasuwa, to, yarinya ta nemi wani aikin.

Yaran kuwa ba sa jin tsawa. Wannan na kuka, wancan na cin alli, wata ta cire takalmi tana jifa. Sai autar tawa ta daina ɗaga murya, ta koma ba su labari. Ta ce su zomaye ne, ita ce uwarsu. In ta ce rana ta fito, su yi tsalle. In ta ce ruwa, su kaɗa yatsu a kan tebur. In kura ta zo, kowa ya shige rami ya yi tsit har ta tafi. Dabara ta ci. Ta dawo gida tana ba ni labari, har ni sai da ta sa na yi tsallen zomo da wannan gwiwar tawa.

Ran nan labari ya yi daɗi, ta sassauta murya ta ce ga kura nan a bakin ƙofa. Sai ƙofa ta buɗe. Shugaba ce.

Kafin ka ce me, aji ya yi wayam, sai tafin ƙafafu a ƙarƙashin tebura.

"Malama, ina yaran?"

"Suna rami, ranki ya daɗe."

Autar tawa ta lallashe su su fito, ko motsi. Can wata 'yar murya ta raɗa, "Mama, ba ta tafi ba."

Autata ta ce a nan ta cire rai da aikin. Ta bayyana wa Shugaba yadda wasan yake. Shugaba ta dube ta ta saman tabarau, ta dubi ƙafafun nan. Sai ta ajiye jakarta, ta duƙa, ta bi layi-layi tana sunsune-sunsune, wai tana jin ƙanshin zomo amma ba ta ga kowa ba. Tebura suka hau girgiza don dariyar da ake dannewa. Da ta kai ƙofa ta miƙe, ta gyara fuska.

"Ajin naki ne. Amma daga yau kurar nan ta riƙa shigowa ta taga."

Tana jan ƙofa zomaye suka ɓarke da tsalle, uwarsu ta fi kowa.