Jiran Shiru a Zauren Majalisa

Kujerar majalisa ba ta taɓa yi wa Malama daɗi ba. Matar da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana zagaya bencina da alli a hannu, yau a ce ta zauna wuri ɗaya, ba magana sai an ba ta izini? Ƙafarta sai rawa take a ƙarƙashin tebur. Ta cire tabarau, ta mayar, ta sake cirewa.

Yau kuwa abin ya fi na kullum. Ƙuri'a za a kaɗa kan rushe makarantar da ta shugabanta, a gina tashar mota a filin. Saboda makarantar nan ma iyayen yara suka turo ta majalisa. Tun da safe mataimakinta na da, wanda ya gaji ofishinta, yake damun ta da waya.

"Yaya, ke fa muke kallo," in ji shi.

"Kai dai riƙe min yara a aji. Bakina bai mutu ba."

Da Shugaban Majalisa ya kira ta, ta miƙe zumbur. Zauren kamar kasuwa: wannan na latsa waya, wancan ya juya baya yana ƙyaƙyata dariya. Ita kuwa tunda take ba ta taɓa yi wa ƙeya magana ba. A makaranta in surutu ya yi yawa, harɗe hannu kawai take yi ta kafe yara da ido, sai ka ji tsit har ajin ƙarshe. Kafin ta ankara, hannuwan sun harɗe kansu.

To wa zai ji tsoron ido a nan? Ƙatti ne masu tumbi, rabinsu ba su ma san ta miƙe ba.

"Ranki ya daɗe, fara mana, lokaci na tafiya," na kusa da ita ya raɗa mata.

Ta ji shi sarai. Amma ranta ya riga ya ɓaci, kuma ga wani can gaba ya fara juyowa, ta ce a zuciyarta ai saura kaɗan su yi shiru. Ta buɗe baki ke nan, "Ya Shugaba, makarantar nan…" sai fitilar makirufonta ta mutu. Shugaba ya buga guduma, ya ce lokacinta ya ƙare. Aka kaɗa ƙuri'a, masu son tasha suka yi rinjaye.

Tana kai da komo a baranda wayar ta sake ƙara.

"Yaya, me suka ce da suka ji bayaninki?"

"Ba su ji ba."

"Hana ki suka yi?"

"Sun ba ni dama. Ni na tsaya jiran su yi shiru."

Hayaniyar yara na tashi a bayansa, ashe a aji yake tsaye. Ta ji ya ce musu, "Kai, Malama ce a waya."

Nan take suka yi tsit, suna jiran abin da za ta gaya musu.