Tabon Hannun Hagu

Ranar da Nasidi ya zo ɗaukar matarsa Hindu daga gidan jinyar masu shaye-shaye na Bolori, Allah ya sa ranar dilka ce. Matan gidan su bakwai sun mulke fuska da jiki da kwaɓin nan ja-ja, sun naɗe cikin tsofaffin lafaya, sun jeru a rana kamar tukwanen da aka shanya. Ko uwar da ta haife su sai ta tsaya ta duba.

Hindu na jin muryarsa a ƙofa ta kama salati. Dukansa ne ya kai ta ga tiramol, wai ko ta samu barci. Ta kuma san in ta bi shi yau, ƙwaya za ta koma wa.

"Yi shiru, 'yar nan," in ji Ya Hussainatu, tsohuwar da kodin ya kawo. "Kowacce ta sunkuyar da kai."

Ya shigo yana huci, Sista Margaret mai kula da su tana biye.

"Malam, ba ta gama magani ba fa."

"Ni na ajiye ta, ni zan ɗauka. Hindu, tashi!"

Sai ya cafki wadda ta fi kusa. Ashe Latifa ce mai kifin Baga, wadda tun da ta bar ƙwaya take neman wanda za ta huce a kansa.

"Sake ni, ɗan nema, ko in yi bandarka kamar tarwaɗa!"

Gogan naku ya ja da baya. "Ai tawa da shaida. Akwai tabo a hannunta na hagu."

Ya Hussainatu ta goge dilka ta ɗaga nata. Latifa ta ɗaga. Ɗaya bayan ɗaya, ga na ƙuna, ga na bulala, ga na cizo. Hindu ma ta ɗaga. Babu wadda ta rasa.

"To kwatanta mana nata, Malam," in ji Sista Margaret. "Da me aka yi mata? Ko in kira ɗan sandan bakin titi ya taya ka tunawa?"

Ko sallama bai yi ba ya fice da sauri. Takalminsa ɗaya da ya bari, har yau da shi ake tokare ƙofar ban-ɗaki.

Hindu ta yi dariya har dilkar fuskarta ta tsage, sannan hawaye ya wanke sauran. Ya Hussainatu ta jawo kwano ta sake mulka mata.