Kantar Masu Tsabta

Ɓeran ya cafke ta a babban yatsa, haƙoransa suka huda safar roba. Mai wankin keji ta yarfe hannu, jini ya ɗiga a ƙasa. Makonta uku a ɗakin binciken nan, kuma ta sani sarai an yi wa rabin ɓerayen allurar wata cuta da ake nema wa magani, cutar da ke shiga jini ta bi ruwan nono. Ita kuwa goyo take yi, 'yarta wata biyar.

Likita ya shigo a guje, ya tura hannunta ƙarƙashin famfo.

"Daga wace kanta kika sauko da shi?"

"Ta dama, ranka ya daɗe."

"Kai, kin tsinka min zuciya! Na dama ai masu tsabta ne, allura ba ta taɓa jikinsu ba. Ɗaura filasta kawai. In ma akwai mai ciwon ciki yau, ɓeran ne."

Ya yi dariyarsa. Ita kam sai ta tuna wata magana tasa.

Ranar da ta fara aiki, haka ya ce mata, waya a kunne, yana wucewa: masu tsabta dama, marasa tsabta hagu. To ita baiwar Allah, a saninta tsabta wanki ce. Duk kejin da ta wanke ta zuba masa sabon garin katako, dama take kai shi da ɓeransa a ciki. Lambobin da ke nuna waɗanda aka yi wa allura kuwa a jikin kantocin aka manna su, ba a jikin keji ba.

Ta so ta ja bakinta ta yi shiru, don aikin nan da ƙyar ya samu. Amma da azahar ƙanwarta za ta kawo mata yarinyar bakin ƙofa ta sha nono.

"Likita," ta ce, "ni na ɗauka mai tsabta shi ne wanda na wanke."

Dariyar ta ɗauke. Ya juya ya bi kantocin da kallo: ɓeraye arba'in, farare fat, idanu jajaye, ba mai bambanta wannan da wancan.

"Tun yaushe?"

"Tun zuwana. Likita, in ba 'yata nono?"

Ya juyo gare ta.

"Kar ki ba ta. Sai gwaji ya fito, kwana goma."

"Ba ta karɓar komai sai shi."

Ta sunkuyar da kai, ta ga gaban rigarta ya riga ya jiƙe da nono.