Jan Zaren Bakin Taga

Genzo ya naɗe zaren a yatsunsa, ya ja. Bai tsinke ba. Ya cije leɓe ya sake ja har jijiyar wuyansa ta miƙe, zare dai yana nan yadda yake.

Maƙwabcinsa Tokuji na durƙushe a gefen shimfiɗar da Genzo ke jinya a kai. Dariyar da ya taho da ita daga gida ta ɓace.

Wasa ne da suka shekara arba'in suna yi. Duk ƙauyen nan na gindin dutse ba mai naɗa kebari, wato ƙwaron ƙarya na kamun kifi, kamar Genzo: ƙugiya, gashin wuyan zakara, zaren alharini, sai ga ƙwaro har kifi ya rantse mai rai ne. Ƙugiyar garin ba ta da ido, zaren ne ke riƙe da ɗan madaukin da ake ɗaura wa igiya, in ya yi rauni kifi ya tafi da kome. Saboda haka Genzo ba ya taɓa zaren da bai gwada da hannunsa ba. Shi kuwa Tokuji, don tsokana, duk ƙarshen hunturu sai ya samo ruɓaɓɓen zare ya kawo masa da fuskar mutunci. Genzo ya ja, tas! Ya jefe shi da guntayen: "Kai wa kakarka ta ɗinke safa!" Sannan Tokuji ya fito da na kirki daga aljihu, su sha shayi.

Na bana ja ne, daga kwandon ɗinkin marigayiya matar Tokuji. Shekara goma sha ɗaya yana bakin taga rana tana cinsa. Ko kaza ta taka shi sai ya rabu.

Genzo ya goga zaren a leɓensa, ya daɗe yana kallonsa. "Kai, Toku, yau ka yi abin kai. A ina ka samo wannan?"

"A... a gari, Yaya."

"Tsufa ya fara sa maka hankali ke nan. Da shi zan naɗa maka ta bana."

Hannun Tokuji na cikin aljihu, riƙe da zaren kirkin. Kash! In ya fito da shi, ya faɗa wa mutumin nan ke nan cewa hannunsa ya ƙare. Ya zaro hannun ba kome, ya ɗauki shayinsa, ya sha ba tare da ya ji ɗanɗanonsa ba.

Yana sa takalmi a bakin ƙofa Fumie, matar Genzo, ta biyo shi. Ta rage murya. "Na bakin taga ne, ko? Na san launinsa."

"Shi ne. Ban san abin ya kai haka ba."

"Tun makon jiya ni nake riƙe masa kwanon miya." Ta gyara masa wuyan riga kamar ƙaninta. "Je ka gida."

Kebarin da Genzo kan gama kafin ruwan shayi ya tafasa, wannan sai da ta ci kwana huɗu. Ran na biyar aka kira Tokuji. Tsohon ya ƙara zubewa, murya sai an sunkuya. Ya miƙo ta a tafin hannu, jawur, gashinta ya buɗe kamar laima.

"Ƙaton kifin nan na ƙarƙashin Dutsen Kwaɗo, wanda ya tsinke maka igiya bara."

"Sau ɗaya ne."

"Sau biyu, maƙaryaci. Da wannan za ka fito da shi. Kada ka kuskura ka adana min ita a akwati kamar haƙorin zinariya. Ka ji?"

"Na ji, Yaya."

"Ka ji, ko ka yi alkawari?"

Tokuji ya yi alkawari, kunya kamar ta kashe shi.

Da hantsin Talata, ruwan ƙanƙarar da ke narkewa yana ɗiga daga rufin gida, rai ya yi halinsa. Fumie ce ta leƙo ta kan shinge ta ce, "Toku, yayanka ya tafi." Ko kuka ba ta yi ba sai da ta ga nasa. Wurin jana'iza, da ta zo zuba turare a wuta, ya lura yatsanta manuni naɗe yake da filasta. Ya ɗauka wuƙar girki ce.

Wata biyu kebarin tana cikin akwatin ashana a kan tebur. Tokuji ya san abin da zai faru: kifi ya kama, zare ya saki, aikin Genzo na ƙarshe ya tafi a bakin kifi, kuma mutumin da bai taɓa naɗa abin banza ba ya ƙare da abin banza, saboda wasan wani sakarai. Sau biyu yana ɗauko zaren kirki don ya ƙara naɗi a kai. Ya kasa. Wane ne shi da zai gyara hannun Genzo?

Da ganye ya fito ruwa ya kwanta, ya ɗauki gorarsa ta kamun kifi ya hau Dutsen Kwaɗo. Alkawari kaya ne. Jifa na uku ruwa ya fashe, gora ta lanƙwashe har tana kuka.

"To, tafi da ita," in ji Tokuji, idonsa a rufe. "Tafi mana!"

Bai tafi ba. Ya yi ƙasa, ya yi gefe, ya shige ƙarƙashin dutse ya fito, igiya tana nan daram. Can dai Tokuji ya kai raga ya kwaso shi.

Ya zare ƙugiyar daga bakin kifin. Haƙora sun yi wa jan zaren fata-fata, yana zuba kamar gari. A ƙarƙashinsa kuwa baƙin alharinin Genzo ne, wanda yake ɓoyewa a gwangwanin shayi, naɗi kan naɗi, an ja shi tam, irin jan da ke yanka yatsa. Sai ya tuna da filastar da ke yatsan Fumie. Jan zaren riga kawai aka sa masa.

"Tsohon banza," Tokuji ya ce, muryarsa ta karye. "Tun a leɓe ka gane."

Ya mayar da kifin ruwa. Ya zauna a kan dutsen, ƙugiyar a tafin hannunsa, yana kallon 'yan guntayen jan zare suna bin ruwa suna gangarawa wajen ƙauye.