Lagwani Daga Adudun Inna

Wanda bai taɓa ganin firjin kananzir ba, in ka ce masa akwai akwatin da ake kunna wa wuta a gindi ya haifi ƙanƙara a ka, cewa zai yi ka raina masa hankali. To, a shekarun da Turawa suka fara ɗaure kayansu, akwai irinsa guda a Kurfi, a gidan Alhaji Tukur mai hatsi. A Kano ya saye shi hannun wani Bature mai barin gari, aka ɗoro shi kan buhunan gishiri har gida. Mutane har daga Wurma suke zuwa kallo, wani ya taɓa cikinsa ya janye hannu yana a'uziyya.

Mai kula da shi ƙanen Alhaji ne, Ya'u, mai gyaran fitilu a kasuwar Dutsin-Ma. Ya taɓa aikin bariki, a can ya san halin firji ciki da bai. In ya hawo kekensa ya zo Kurfi, sai ya ɗora tasar ruwa a kan firjin ya ga ko ya karkata, ya zura sanda mai tsumma cikin bututu ya kwaso kunkunniya, sannan ya datse bakin lagwani har wutar ta koma shuɗiya. Jar wuta, in ji shi, hayaƙi ce kawai da ɓarnar kananzir. Kuma ba ya tafiya sai ya ja kunnen matan gida cewa kada wanda ya kuskura ya rufe ƙasan firjin da komai, ta nan yake shan iska, in aka toshe shi ya mutu. Har sun haddace, in ya juya baya su riƙa kwaikwayon muryarsa suna dariya.

Shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar bazara, mahaifiyarsu, Inna Kande, ta kwanta. Zazzaɓi ne ya kama ta ya ƙi saki, maƙogwaronta ya rufe. Kunu ya ƙi wucewa, ruwan randa ma sai ya dawo. Abu ɗaya take iya haɗiyewa, ruwan firji mai ƙanƙara, da fura in an dama ta da ruwa-ruwa a cikinsa. Sai aka ciccibi firjin aka kai ɗakinta, ya zama shi ke riƙe da ita.

Ana cikin haka lagwani ya ƙare. Alhaji kuwa yana Kano da motar hatsi. Aka aika masa ya taho da sabo, aka dawo da labarin motar ta lalace, ana jiran wani ƙarfe daga kudu, ba ranar tasowa.

Ya'u ya rufe rumfarsa ya zo. Ya tarar da ruwan firji ya yi ɗumi, leɓɓan Inna sun tsattsage, ga Gwaggo Rekiya, ƙanwar marigayi babansu, tana yi mata fifita tana share hawaye da gefen mayafi. Hankalinsa ya tashi. Lagwanin firji ba irin na fitilar ƙwai ba ne, faffaɗa ne, zagaye kamar bakin hannun riga, ba a samunsa sai Kano. Ya haɗa na fitila uku ya ɗinke, wutar ta ci gefe guda. Ya yanki tsohon rawani, wutar ta tashi ja, ɗaki ya turnuƙe Inna ta kama tari. Ya gwada zane, ya gwada bakin buhu, duk kanwar ja ce. Abin da yake nema auduga ce zalla, saƙa mai kauri wadda ba ta sha sitaci ba. Ya kuwa san inda take a gidan nan, sanin ne ma ya sa ya yi ta kewaye-kewaye.

A ƙarƙashin gadon Inna akwai adudu, a cikin adudun akwai likkafaninta. Kamar tsofaffi da yawa, ta daɗe da tanadar kayan tafiyarta, sai dai nata ya sha bamban. Audugar gonarta ce ta Tamawa, ita ta tsince ta, ita ta gurje, ita ta kaɗa zaren da mazarinta shekara da shekaru, sannan ta kai wa masaƙi. Ta auna shi a jikinta daidai wa daida, don Inna ba ta san almubazzaranci ba ko a mutuwa. Tun Ya'u yana yaro yake jin tana cewa, "Na kanti ban san hannun da ya taɓa shi ba. Wanga kuwa kowane zare na san shi, shi ma ya san ni. Da shi za ku rufe ni."

Da rana ta take, gida ya yi tsit, masu azumi duk sun nemi inuwa sun miƙe. Gwaggo ta fita alwala, Inna idonta a rufe. Ya'u ya jawo adudun. Ya gaya wa kansa mai rai ake wa magani, in ta warke ta kaɗa wani zaren a cike gurbin. Ya yi bisimilla, ya auna taƙi ɗaya daga ƙasan likkafanin, ya sa almakashi.

Da ya ɗinke shi ya jiƙa da kananzir ya kunna, wutar ta tashi shuɗiya shar, ba hayaƙi, ba ko ɗan kaɗawa. Bai taɓa ganin wuta mai kyau irinta ba. Firjin da kan kwana ya wuni kafin ya yi sanyi, kafin la'asar ya daskarar da ruwa. Da a bariki ne da wannan ya sa shi tunani, amma murna ta rufe masa ido.

Inna ta sha, ta ƙara, ta buɗe ido ta dube shi.

"Auta," ta ce, don haka take kiransa, "ja mani bargo. Ƙafafuna a waje suke."

"Bargo, Inna? Cikin zafin nan?"

"Ja mani dai."

Ya taɓa tafin ƙafarta, ya ji shi kamar gindin randa da asuba. Sauran jikin kuwa zazzaɓi na nan yana ci. Gwaggo ta ce tsufa ne, jini ba ya kai wa ƙasa. Ya rufa mata bargon, ya cusa gefensa ƙarƙashin dugaduganta.

Lagwanin Kano kan yi watanni. Wannan kuwa, duk kyan wutarsa, 'yan kwanaki ya yi ya cinye. Motar Alhaji shiru. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, Ya'u ya sake jiran rana ta take, ya sake jawo adudu, ya yanki taƙi na biyu. 

Da yamma Inna ta ce sanyin ya hau ƙwauri. Ya zauna yana matsa mata ƙafa, sai ya lura da wani abu. Sanyin ba a hankali yake bajewa ba, iyaka gare shi. Nan sanyi ƙalau, ɗan yatsa ɗaya sama zafi zau, kamar an ja layi. Bai so ya auna ba, hannunsa ne ya auna da kansa. Daga tafin ƙafa zuwa layin, taƙi biyu ne cif.

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba tun da ya girma. Ya tashi ya hure wutar. Washegari ruwa ya yi ɗumi, Inna ta kurɓa ta ƙware har idonta ya juya, ƙafafun kuwa ba su dawo da ɗuminsu ba. Ya tsaya yana kallon uwarsa tana lasar busasshen leɓe, ya ga ba zai iya ba. Ya durƙusa ya mayar da wutar.

Da lagwani na biyu ya kusa ƙarewa, ya sake durƙusawa gaban gado da tsakar rana. Ya ɗaga murfin adudu ke nan sai ya ji murya a saman kansa.

"Auta, in ka ƙara, ka kai gwiwa."

Almakashin ya faɗi daga hannunsa. Idon Inna biyu, tana kallonsa, ba fushi a fuskarta.

"Tun ran farko na ji kukan almakashi," ta ce. "Ciwo nike, ba kurma ce ni ba."

"Inna, ki yafe mani. Ba ki iya shan komi sai ruwan firjin. Mi zan yi?"

"Na yafe maka, ruwan ya yi mani daɗi. Amma bar mani sauran. Ƙishin nan na kwana kaɗan ne. Waccan kwanciyar ita ce doguwa, ba ni son in yi ta ƙafa a waje."

Ya kifa kansa a bakin gadon ya yi kuka kamar yaro, ita kuma ta ɗora masa hannu a ka. Sannan ya rufe adudun ya tura shi wurinsa. Ya rage wutar firji iyakar yadda za ta ragu ba ta mutu ba, don ɗan guntun da ya saura ya ja lokaci.

Bai ƙare ba ma ta riga shi. Da hantsi ta cika, da sauran ruwan sanyi a kofi kusa da kanta. Ana tsakiyar haƙa kabari motar Kano ta shigo gari, Alhaji Tukur ya sauko da ƙunshin sababbin lagwani a aljihun rigarsa, ya tarar da mutane zaune a ƙofar gidansa.

Gwaggo Rekiya ce ta yi mata wanka. Can sai ta leƙo zaure ta yafito 'ya'yan biyu, ta rage murya.

"Likkafanin bai kai ba. Ƙafafu a waje."

"Wane irin bai kai ba?" in ji Alhaji. "Ita fa ta auna abinta."

Ya'u ya miƙe. Ya shiga ɗakin, ya hure wutar firji, ya zaro tankin kananzir gaba ɗaya ya fito da shi tsakar gida. Ya cire lagwanin, ya warware ɗinkin. Abin da ya rage bai fi faɗin yatsa uku ba, bakinsa baƙi, yana warin kananzir. Ya miƙa wa Gwaggo. Ta dubi saƙar, ta dube shi, ta gane.

"Allah shi yafe mana baki ɗaya," ta ce.

Ta wanke ƙyallen da sabulu ta ɗaure mata manyan yatsun ƙafa da shi. Amma ba a kai mutum makwancinsa a buɗe, dole Alhaji ya aika kanti aka yanko alawayyo aka cike. Haka aka rufe Inna, daga ƙwauri zuwa sama zaren hannunta, ƙasa kuwa abin da ta ce ba ta so.

Da aka sha ruwa ran nan, aka fito wa masu gaisuwa da ruwan firji, har da ƙanƙara. Washegari ma haka. Suna sha suna sa wa Alhaji albarka, suna cewa kayan Bature akwai ƙarko. Ba wanda ya lura tankin yana nan jingine a gindin turmi inda Ya'u ya ajiye shi, sababbin lagwani kuma ko kwance ƙunshinsu ba a yi ba. Ya'u ya lura. Da ruwan randa yake buɗa baki.

Ranar sadakar uku, da rana ta take mutane suka watse, ya shiga ɗakin Inna shi kaɗai. An kwashe shimfiɗa, sai gado da tabarma da bargo a ninke. Ɗakin zafi kamar tanderu. Firjin yana tsaye a kusurwa, ba wuta, ba ƙara. Ƙanƙarar firji a sama take taruwa, ciki, kowa ya san wannan. Amma ga ta nan fara fat a waje, ta lulluɓe ƙasansa, ta hau ta tsaya a kan layi miƙaƙƙe kamar an ja da zare. Wannan karon bai auna ba, ya san ko nawa ne.

Ya daɗe a tsaye. Tsoron ya tafi, sai tausayi. Ya ɗauko bargon ya warware, ya durƙusa ya lulluɓe ƙasan firjin.

Gwaggo ta shigo ɗaukar tabarma ta gan shi. "Ya'u, kai da ka hana mu rufe shi?"

"Sanyi take ji, Gwaggo."

Gwaggo ta dubi bargon. Ta ajiye tabarmar ta zauna a bakin gado. Ya'u ya bi gefen bargon yana cusa shi ta ƙarƙashi, a hankali, kada iska ta samu hanya. Suna nan su biyu har suka fara jin ɗigar ruwa a cikin firjin, ɗis, ɗis, ƙanƙarar ta fara narkewa.