Wanda Ya Hau Rumfar Kifi

A Skarvika, garin masunta a bakin teku, ba a kulle kifi. Lokacin sanyi maza su kamo, a ɗaure shi biyu-biyu ta wutsiya, a rataye a dogayen rumfunan katakon nan masu tsayin gidan sama, iska ta yi ta busar da shi har bazara. Ba mai gadi, ko kare babu. Mutum ya zagi uwarka a garin nan ana iya yafe masa, amma ya taɓa kifin rumfa, jikokinsa ma sai sun sha gori.

Shi ya sa da aka kama motar Steinar maƙare da busasshen kifin maƙwabta, uwarsa Oddlaug ta daina zuwa shago. Ba kunyar satar kaɗai ke cin ta ba. Kifin nan daga can ƙololuwar rumfa aka sauko da shi, shi kuwa ɗan nata, ƙaton nan mai gemu kamar tsintsiya, ko kujera ya taka zai canza ƙwan lantarki sai jiri ya kwashe shi. A teku komai haukan ruwa ko a jikinsa, amma ya ga tsani sai ya ja da baya. Uwar ce ma ta ƙirƙiro masa ciwon ƙafa tun yana saurayi, don kada a gane in an zo rataye kifi.

Matarsa Vigdis ce mai hawa. 'Yar firit da ita, murya kamar ta mage mai jin yunwa, amma ita ta samo mai saye, ita ta tuƙa mota, ita ta haye sama tana jefowa. Shi gogan naka yana ƙasa yana cafewa, rabin ido a rufe.

Lauyansa ya gaya masa dalla-dalla: in ya faɗi gaskiya cewa ɗan rakiya ne, da wuya a ɗaure shi. In kuwa aka ɗaure shi, zaman zai faɗa daidai lokacin da kifi ke shigowa. Jarle, mai jirgin kamun kifin da Steinar ke aiki a ciki, ya riga ya yanke tasa maganar.

"Ni ba fasto ba ne," in ji shi. "Ɓarawo kake ko waliyyi, ran da za mu fita ina son ganinka a jirgi. In ba ka nan na ba wani gurbinka, kuma in na bayar ba na karɓewa."

Ana gobe shari'a Oddlaug ta zaunar da ɗanta a kicin, ta zuba masa gahawa.

"Gobe sai ka buɗe bakin nan ka ce ba ka hau ba."

"Mama, su Jarle fa za su zo."

"Su zo mana. Su za su yi maka zaman gidan yarin?"

"In suka ji, da wane ido zan kalle su?"

"Da wanda kake rufewa in ka ga tsani."

Ya yi ta juya cokali, kamar amsar na ƙasan kofin.

Washegari Vigdis ta shigo kotu cikin wata rigar saƙa mai ruwan madara wadda ta yi mata yawa. Ta ƙanwarta ce, kowa ya gane ta. Ga hankici a dunƙule a hannu, ga kai a sunkuye. Oddlaug ta dube ta sama da ƙasa. Matar da ke sauke buhun gishiri ita kaɗai, yau har ɗan sanda ke ja mata kujera.

Alƙalin baƙo ne daga kudu, mai furfura da taushin murya. A gefensa akwai mutum biyu da ake ɗaukowa daga cikin jama'a su taya shi yanke hukunci, ɗayansu Reidar ne mai sayar da fenti a gari. Da aka zo kan Vigdis sai alƙali ya rage murya, kamar mai lallashin jariri.

"Kina jin tsoron mijinki ne?"

 Hankicin kawai ta kai hanci. Alƙali ya gyaɗa kai, ya rubuta abin da ya rubuta.

Aka kira Oddlaug shaida. Ta miƙe, ta gyara jaka, ta amayar da sirrin da ta rufe tun yarintar ɗanta.

"Yaron nan bai taɓa hawa rumfa ba. Tsoron bisa yake yi. A kawo tsani nan yanzu a gani, amma a kawo da tsumma, don sai an goge ƙasa."

Bencin baya ya ɗauki ƙus-ƙus, wani cikin 'yan jirgi har da tari don ya danne dariya. Kunnuwan Steinar suka yi jawur. Alƙali ya yi ɗan murmushin nan da ake yi wa tsofaffi, ya juya gare shi.

"Gaskiya ne abin da mahaifiyarka ta faɗa?"

Steinar ya waiwaya ya ga Jarle ya harɗe hannuwa. Ya dubi uwarsa, ya kau da kai.

"Mama ta tsufa, ranka ya daɗe. Ni na hau. A gidana ba a yin komai sai da izinina."

Izini! Mutumin da ko kuɗin taba sai ya roƙa.

Ba a daɗe ba hukunci ya fito. Wai kotu ta gamsu namijin ne jagora, macen kuwa an ja ta ne, ga rauni, ga yara a gida. Steinar ɗaurin wata biyar. Vigdis aikin hidimar jama'a, ta kwana a gadonta. Kifi ɗaya, mota ɗaya, sata ɗaya, amma ma'auni biyu. Ko tambayar wanda ya tuƙa motar ba a yi ba.

A bakin ƙofa Jarle ya dafa kafaɗar Steinar.

"Ka yi magana irin ta maza," ya ce. "Gurbinka kuma ɗan maƙwabcinku Terje zan ba."

Haka aka yi. Sanyi ya shigo, kifi ya shigo, jirgi ya fita da ɗan Terje. Oddlaug ta tsaya a tagar kicin tana kallon bayansa har ya ɓace. Da ta je ziyara gidan yari ta tarar da ɗan nata ya yi ƙiba, yana koyon gyaran kujeru, yana kuma ba fursunoni labarin yadda yake haye rumfa da hannu ɗaya. Ta ajiye masa safar da ta saƙa, ta fito tun lokaci bai cika ba.

Aikin Vigdis bai tashi ba sai da ƙanƙara ta narke. Aka ba ta gidan tsofaffi, wai ta riƙa shafa fenti a ƙananan tagogi. Ita kuwa ba ta iya aikin wasa ba. Oddlaug na tafe daga shago ta ɗaga kai, sai ga surukar tata can ƙarshen dogon tsani, dab da rufi, ƙafa ɗaya a iska, bokiti rataye a gwiwar hannu, tana yin fito abinta.

Daidai nan Reidar ya tsaya da motarsa ya kawo fenti. Oddlaug ta tsaya cak. To yau dai ga shi ga idonsa, ta ce a ranta, bari mu ji.

Reidar ya kare rana da tafi, ya daɗe yana kallon sama.

"Vigdis, sauko don Allah kada ki faɗo," ya ce. "Wane marar tausayi ne ya sa mace wannan aikin? Ba namiji a kusa?"

"Nawa yana ɗaure, Reidar," ta amsa da muryar magen nan tata.

Ya girgiza kai cike da tausayi, ya je ya riƙe mata ƙafar tsani.

Oddlaug ta tara yawu, ta tofar a gefen tayar motarsa, ta ɗauki ledarta ta wuce gida.