Kyamara a Ƙirjin Kafinta

Auta tana da hotunan mahaifiyarta cike da jaka, amma babu ko ɗaya da matar ta fito a ciki. Akwai dai wata mace zaune a miƙe, hannuwa bisa gwiwa, baki a tsuke kamar mai jiran allura. Ita kuwa marigayiyar, wadda ke dariya har sai ta dafa bango, ba wanda ya taɓa kama ta.

Shi ya sa ranar da aka shafa jan fenti a bangon shagon Baba, aka ce ƙarshen wata za a rushe layin don faɗaɗa titi, shi kuma ya ce daga nan ya ajiye zarto ke nan, Auta ba katako ta tuna ba. So take ta samu mahaifinta a bidiyo yana aiki, yadda Allah ya yi shi, tun shagon yana tsaye.

Matsalar ita ce Baban kansa. Da ta ɗaga waya sai ya ajiye guduma, ya kakkaɓe riga, ya gyara murya.

"Masu kallo, barkanmu da warhaka. Sana'ar kafinta sana'a ce mai daraja."

"Baba, aiki na ce ka yi, ba labaran duniya ba."

Mai Gilashi, maƙwabcin shagonsa kuma abokin tsokanarsa tun suna da baƙin gashi, ya leƙo ta taga. "Ƙyale shi, 'yata. Da rediyo ya so shiga, suka ji muryar suka ce ya je ya yi ta saran itace."

Sai wata abokiyar aikinta ta ara mata kyamara 'yar mitsitsiya, ba ta fi babban yatsa ba, mai maganaɗisu a baya. Ta ce amfanin ƙanƙantar shi ne mutane su manta da ita. Haka masu sayar da ita suke faɗa, kuma kowa ya ɗauka ya haɗiye. Ba su san mutumin da ke hango ƙusa ɗaya a cikin tarin garin katako ba. Auta ta ɗora ta a kan kantar shagon, bayan gwangwanin fenti. Baba ya wuni yana ba ta gefen fuskarsa na dama, wanda yake ganin ya fi kyau, in zai wuce ta gabanta har da 'yar sallama.

Amma maganaɗisun ya shiga ransa. Washegari da safe Auta ta same shi yana manna abin a jikin zarto, ya cire, ya manna a gwangwanin ƙusoshi.

"To ina hoton yake zama? Cikin nan ko ƙwayar wake ba za ta shiga ba."

"Akwai wani ɗan kati a ciki."

"Kuma tana ji?"

"Har numfashinka."

Ya juya ta, ya hura mata iska, ya goge idonta da bakin riga. Sai ya zura ɗan guntun ƙarfe cikin aljihun gaba, ya kara ta daga waje, kyamarar ta manne a ƙirjinsa ƙam.

"Kin ɗauke ni kin gaji. Yau ni ne mai hoto."

"Haba Baba! In tana ƙirjinka kowa za ta gani ban da kai."

"Madalla. Tafi aiki, kin makara."

Ta tafi tana cizon yatsa. Kyamarar aro ce, kwanakin shagon kuma ba ƙaruwa suke yi ba.

Da la'asar ta dawo, ta zauna a kan benci, ta tura abin da aka ɗauka cikin wayarta, ba don tana sa ran komai ba. Farkon dai abin da ta zata ne. Ga Mai Gilashi ya gyara tsayuwa yana washe haƙora, shi da ya gama yi wa wani dariya. Ga rufin shago, ga ƙafar tebur, ga muryar Baba tana gaida masu kallo.

Sai gaisuwar ta ƙare. Abin da mutum yake kallo ba ya mantawa da shi, amma wa ke kallon ƙirjinsa? Hannuwa biyu suka cika allon. Auta ta matso da wayar. Ta girma a cikin hannuwan nan, amma ba ta taɓa lura cewa kafin ya yanka katako sai ya shafa shi da bayan yatsu ba, kamar mai duba zazzaɓin yaro. Ba ta san yana riƙe ƙusa da ɗan yatsan tsakiya ba, saboda manunin ya sandare. Kuma ashe magana yake yi, ƙasa-ƙasa, ba da kowa ba.

Aikinsa na ƙarshe wadirob ce mai ƙofa biyu. Can a cikin bidiyon Mai Gilashi ya shigo rungume da dogon madubi, suka kafa shi a jikin ƙofar, ya fita. Baba ya ja ƙofar don ya ɗaure ta.

Sai ga shi a cikin madubin, tun daga kai har ƙafa.

Fensir a bayan kunne, ido ɗaya a rufe, kan harshe ya leƙo ta gefen baki. Ya dogara ƙofar da gwiwa yana murɗa sukundireba, yana yi mata faɗa.

"Zauna mana, 'yar nema. Bishiyar da ta haife ki ma ba ta yi mini wannan taurin kan ba."

Ƙofar ta yi ƙara. Ya yi mata dariya, ya ɗan mare ta da tafin hannu.

Auta ta toshe baki, amma sautin ya riga ya fita. Tsofaffin biyu suka zo suka tsaya a kanta, ta mayar musu da wurin.

"Kai, harshen!" in ji Mai Gilashi, har da buga cinya. "Shekara nawa ina gaya maka kana cewa sharri ne?"

Baba ya miƙa hannu. Ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya sa aka sake maimaitawa. Fuskarsa ta ɗaure.

"Goge shi."

Auta ta ɗago ta dube shi. Ta san shi, in ya faɗi magana da wannan muryar ba ya sake ta.

"Baba, don Allah. Harshen ne? Wallahi ba wanda zan nuna wa, mu kaɗai ne."

"Wane harshe? Dubi ƙofar, ke! Dubi nan sama. Ta sauka. Ba ki ga hasken da ke shiga tsakaninsu ba? A ce aikina na ƙarshe ke nan, jikokina su zauna suna kallon karkatacciyar ƙofa?"

Auta ta duba. Ita dai ƙofa ta gani. Ta zare wayar daga hannunsa a hankali, ta sa a jaka, ta ja zif.

"Ba zan goge ba. Sai dai a ɗauki gyaran, wanda ya ga laifin ya ga yadda aka yi da shi."

Ya harare ta, ya harari wadirob ɗin, ya fi daɗewa a kan wadirob ɗin. Sannan ya shafa ƙirjinsa.

"Har yanzu tana ɗauka?"

"Sai an danna."

"To danna. Kai kuma kauce mini daga haske."

Ta danna. Ya tsaya gaban madubin, ya gyara wuyan riga, ya buɗe baki zai gaida masu kallo, sai idonsa ya sauka a kan saman ƙofar. Ya miƙa hannu baya, ba tare da ya waiwayo ba. Auta ta sa masa sukundireba a ciki, ta koma kan benci ta zauna.